Abin da Ya Sarƙe Injin

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yayan Mansura ya dawo gida yau. Ba Sallah ba, ba biki ba, ba rasuwa ba. Ya shigo da babbar jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce hutu aka ba shi. Tun da ya fara gyaran injin jirgin sama a kamfanin nan ban taɓa ganin ya zo hutu da babbar jaka ba.

Ɗan fari ne. Ba na kama sunansa, ba kuma na zama in baje hira da shi kamar yadda iyayen yanzu suke yi. Haka na ga uwata tana yi da yayanmu, kuma bai lalace ba. Sai na ce wa Mansura, "Tambayi yayanki yaushe hutun zai ƙare." Yana nan zaune a kan tabarma a gabana. Ya ce, "Ki ce wa Umma ba su faɗa ba tukuna."

Hutun da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Na yi sakandare, na san sunan wannan abin, kuma ba hutu ba ne.

Tuwo kaɗan ya ci.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Talatu maƙwabciyata ta shigo aron rariya. Tana da rariya biyu a gidanta, na sani.

"Ashe Injiniya ya sauka? Barka da arziki. Ke kuwa Asta, kin ji abin da ya sami Hajiya Tambaya ta Bunkure?"

Na ce ban ji ba.

Wai ranar Alhamis da ta wuce Hajiya Tambaya ta hau jirgi daga Kano za ta Legas wankan jegon 'yarta. Sun yi nisa a sama sai inji ɗaya ya yi ƙara, ya yi aman wuta, dole matuƙin ya juyo da su Kano. Ba wanda ya mutu. Amma jinin Hajiya ya hau, bakinta ya karkace, daga filin jirgi asibiti aka wuce da ita.

"Wai jirgin su Injiniya ne. Ni dai na ce musu ba ruwana, yaron Asta da tarbiyya."

Ta tafi ta bar rariyar a kan turmi.

Laraba, 7 ga Mayu, da azahar

Yana amsa waya a bayan gida, da Turanci, da ƙaramar murya. Wanda ba ya ɓoye komai ba ya zuwa bayan gida.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Na zaunar da su shi da Mansura. Na ce, "Gaya wa yayanki ba na son in ji labarin gidana a bakin Talatu."

Bai yi musu ba. Dakatar da shi aka yi har a gama bincike. Shi ne na ƙarshe da ya duba cikin injin nan, kwanaki kaɗan kafin tashin, shi ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. A ƙarshen watan nan zai je Abuja ya tsaya gaban masu bincike. In suka ce laifinsa ne, za su karɓe lasisinsa, ba zai sake taɓa jirgi ba.

Na ce, "Tambaye shi me ya lalata injin."

Sai ya ɗauko fankar cajin Mansura ya ajiye a tsakaninmu, kamar ni ce ɗalibarsa. Ya ce injin jirgi iska yake zuƙa ta gaba. A ciki akwai fankoki jere-jere, kowacce da ƙananan fukafukai masu yawa, suna matse iskar suna tura ta baya inda mai yake cin wuta. Kwamfiresa suke ce masa, irin na masu faci amma babba. Muddin iskar tana tafiya sumul, lafiya. In wani abu ya katse mata tafiya, sai wadda aka riga aka matse ta dawo ta gaba da ƙarfi, a ji ƙara, a ga wuta. Ya ce kamar mutum ne yana shan ruwa ya sarƙe shi.

Na ce, "Na ji. Me ya sarƙe shi?"

Ya ce yana iya zama tsuntsu ne ya shiga tun suna tashi, ya lanƙwasa fiffike, abin bai nuna ba sai daga baya. Yana iya zama ƙanƙara, don sun ratsa ta gefen hadari. Yana iya zama fukafukan sun cinye saboda yashi da daɗewa. Yana iya zama wata 'yar ƙofa da take rage iska ce ta ƙi buɗewa. Yana iya zama tsaga ce a jikin fiffike.

Na ce, "Wanne ne a ciki?"

"Ki ce wa Umma ban sani ba. Sai an kwance injin."

Na raini yara huɗu a gidan nan bayan rasuwar mahaifinsu, kuma hanyata ɗaya ce. In aka fasa tulu na tambayi yaro, wanda ya ba ni magana ɗaya na saurare shi. Wanda ya fara "ko akuya ce, ko iska ce, ko Mansura ce," shi ya fasa. Ban taɓa ganin hanyar nan ta ba ni kunya ba. Yau ga babbansu da gemu yana jero min dalilai kamar mai tallan kayan koli.

Na ce wa Mansura, "Gaya masa ya saba ba ya tafiya sai na sa masa albarka. To wannan tafiyar ta Abuja, sai ya ba ni magana ɗaya. In laifinsa ne ya ce laifinsa ne, in ba nasa ba ne ya ce ba nasa ba ne. In ba haka ba ya tafi haka nan."

Mansura ba ta maimaita ba. Ya ji ai.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Na karɓi wankinsa daga hannun Mansura na yi da kaina. Na shinshina rigunan, na zazzage aljihunan. Ba warin taba, ba ƙwaya, ba komai sai tsinken sakace da carbi. Wannan bai wanke shi ba. Mai wayo ba ya barin abu a aljihu.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Maganar ƙanƙarar nan ta tsaya min. Cewa akwai sanyi a sama na yarda, malamin jogirafi ya koya mana, kuma na ga ƙanƙara ta sauko da ruwan farko ta kwantar min da albasa wata shekara. Amma ƙanƙara a cikin injin da yake cin wuta? A watan da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi?

Na sa Mansura ta tambaye shi. Ya ce ba irin wadda take faɗowa ba ce. A can ƙololuwar hadari ƙanƙarar kamar gari take, ko na'urar matuƙi ba ta cika ganinta ba. In ta shiga injin sai ta narke a jikin ƙarfe mai ɗumi, wata ta zo ta manne a kan danshin, wata ta biyo, har wurin ya huce ta daskare ta yi dunƙule. Dunƙulen ya ɓalle ya faɗa cikin fankokin. Kafin jirgi ya sauka ta narke, ba za a ga ko ɗigo ba.

Wato shaidar da take narkewa kafin a zo dubawa. In da ni ce mai neman abin fakewa, ita zan zaɓa.

Kuma bayanin ya fito a bakinsa sumul, ba gargada. Kamar wanda ya yi ta bitarsa.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Na hau adaidaita na je Bunkure duba Hajiya Tambaya, an sallamo ta. Na kai mata fura da lemo. Bakin ya ɗan dawo, amma harshen nan nata ko gezau.

"Asta! Shigo, shigo. Uwar mai jirgi. Ɗanki ya so ya aika ni lahira da kayan barka a hannu."

Matan da ke ɗakin suka yi dariya. Na zauna na yi mata sannu.

Ta ce sun shiga wani farin gajimare, jirgin ya yi ta rawa kamar motar kurkura a hanyar Gafan, sai ta ji dam, kamar tayar tirela ta fashe a kunnenta. Sai kuma dam. Ta leƙa taga ta ga wuta tana fita tana komawa. "Wani mai kwat a gefena, tun daga ƙasa yake latsa waya ko bismilla bai yi ba, wallahi sai da ya riga ni kalmar shahada."

Ɗanta Amiru yana tsaye a bakin ƙofa, shi bai yi dariya ba. Ya ce min, "Hajiya, a gaya wa Injiniya mutane suna jira su ji. Jirgi ba injin ban ruwa ba ne da za a ɗaure shi da roba."

Uwa ba ta kare ɗan fari a gaban mutane. Ko da ina da abin faɗa ba zan faɗa ba. Abin da ya dame ni a hanya shi ne ba ni da shi.

Da zan fito Hajiya ta riƙo mayafina. Ta ce, "Ni ba na neman kowa da sharri. Dalili kawai nake so a faɗa min, in san abin da ya hana ni ganin jikata."

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Ya tafi gona tun asuba ba wanda ya aike shi. Shinkafar rani ta fara nuna, janbaki sun yi yawa. An ce an ga Injiniya yana jan igiyar gwangwanaye yana korar tsuntsaye. Ko taimako ne, ko guje wa idona ne.

Alhamis, 15 ga Mayu, da azahar

Na aika wa Yaya Iliyasu, yayan marigayi mai gidana. Abin da mace ta kasa fitarwa da tambaya, Alƙur'ani zai fitar.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

An yi a zaure. Ni ina daga bayan ƙofa, ina ji ina hange. Yaya Iliyasu ya sa shi ya yi alwala, ya shimfiɗa buzu, ya ɗora Alƙur'ani a kan matashi.

Ya ce, "Kai yaro, uwarka ta kasa barci, garin nan ya ɗauka. Ɗora hannu ka ce ba laifinka ba ne, mu tashi."

Ya ɗora hannu. Ya ce, "Na rantse na zura kyamara cikin injin nan, na bi fukafukan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya min. Na rantse ban ga aibi na ƙyale ba. Na rantse ina cikin hankalina, ba wanda ya sa ni in sa hannu." Sai ya ɗauke hannunsa.

"Ƙarasa mana."

"Baffa, iyakar abin da na sani ke nan."

"Ka ce ba laifinka ba ne!"

"Ba zan rantse a kan abin da ke cikin injin da ba a kwance ba."

Yaya Iliyasu ya yi salati, ya naɗe buzunsa. Da ya zo wucewa ta ƙofa ya ce, "To kin ji, Asta. Rabin rantsuwa. Ni tun da nake ban taɓa gani ba."

Kafin magariba Talatu ta zo ɗaukar rariyar da ta bari. Ba ta ce komai ba, sai "Allah ya rufa asiri" har sau nawa. Wa ya kai mata? Zauren ba kowa sai mu. Ina zargin Mansura da wayarta. Ina zargin Yaya Iliyasu da majalisarsa ta bakin masallaci.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Na zuba masa koko. Ya sha.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

Mansura ta ce min, "Umma, ke fa in mutum ya ce bai sani ba sai ki ce ƙarya yake." Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Tun da ta shiga makarantar koyon jinya take mayar min da magana. Laifina ne da na bari ana kallon fina-finai a gidan nan.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Baƙo daga Kano. Baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, yaran unguwa suka kewaye ta. Ya ce sunansa Malam Ibrahimu, shi ne shugaban sashen su yayan Mansura a wurin aiki. Ya zo daidai lokacin da yaron yake gona. Ya ce tsautsayi ne bai same shi ba. Mutumin da yake da lambar wayarsa.

Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, yana Mama kaza, Mama kaza. Direbansa ya shigo da turmin atamfa da kwalin dabino. Ladabin ya yi yawa. Na sa Mansura ta ba shi ruwa ta zauna kusa da ni.

Ya ce, "Mama, ɗanki yaron kirki ne, hannunsa yana da kyau. Taurin kai ne kawai. Mu a kamfani mun riga mun duba, ranar akwai hadari a hanyar. Matuƙin ma ya yarda sun ratsa gajimare. Ƙanƙara ce. Ƙanƙara kuwa daga Allah take, ba laifin kowa ba. Abin da muke so, in ya je Abuja ya tsaya a kan magana ɗaya. Ya ce ƙanƙara. Shi ke nan, ya dawo aikinsa."

Na ce, "An kwance injin?"

"Za a kwance, Mama. Waɗannan abubuwan suna ɗaukar watanni. Amma in ya je yana ce musu ko kaza ne ko kaza ne, yana tono zancen zafin inji da sauran ƙananan abubuwa na cikin gida, su masu bincike sai su ga kamar yana ɓoye wani abu. Ke uwa ce, kin san yadda ake gane mai gaskiya. Magana ɗaya, Mama. Ki sa baki."

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Maganata ce ya ɗauko a bakinsa, ita ce dai, har da yadda nake faɗarta. Amma da ta fito daga bakin mutumin nan mai turare sai na ji ƙyanƙyaminta.

Na ce, "Wane zafin inji?"

Ya yi dariya, ya ce ba wani abu ba ne, ya duba agogo, ya ce zai wuce gaida Baffan yaron. Wa ya gaya masa yana da Baffa, har da kwatancen gidansa?

Na sa Mansura ta bi direban da atamfar da dabinon. Malam Ibrahimu ya ce haba Mama. Na ce ba na cin dabino, yana taɓa min haƙori.

Laraba, 21 ga Mayu, da asuba

Ko dai tare suka shirya? A turo mai turare ya yi min maganar banza don in ga yaron kamar waliyyi? Na juya wannan har aka kira salla. Amma yaron nan ko wasan ɓuya bai iya ba yana ƙarami, ƙafafunsa kullum a waje.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

Na yafa mayafi na tafi gona ni kaɗai. An saki ruwa a kanal, ya cika har baki. Na same shi a kan kunya, wando a naɗe, igiyar gwangwanaye a hannu. Ya gan ni ba Mansura, ya rasa inda zai sa idonsa. Ni ma haka. Na kalli shinkafa na yi magana.

Na ce, "Mai baƙar mota ya zo."

"Na ji."

"Mene ne zafin inji?"

Ya ce injin nan ya daɗe yana fin ɗan'uwansa zafi, kaɗan-kaɗan, bai kai iyakar da doka ta hana tashi ba, amma yana hawa. Alama ce fukafukan sun fara gajiya, ko datti ya taru. Injin da ya gaji, abu kaɗan ke sarƙe shi, ƙanƙarar da lafiyayye zai haɗiye ya wuce shi sai ta kayar da shi. Ya gaya wa Malam Ibrahimu a sauke shi a wanke a duba, aka ce a bari sai bayan Sallah, jirage sun yi ƙaranci.

Na ce, "To ka ce laifinsu ne mana."

"Ban san haka ba, Umma. Na san na faɗa, na san ba a yi ba. Ban san ko shi ne dalili ba."

"Ƙanƙarar fa?"

"Tana iya zama ita ce. Wallahi tana iya zama ita kaɗai. Amma in na ce ita ce tabbas aka rufe maganar, akwai wasu injina irinsa a kamfanin, suna ɗaukar iyayen mutane kullum."

Tsuntsaye suka sauko, ya ja igiya, suka tashi suka koma gonar maƙwabci.

Na ce, "Saura me? Akwai abin da ka rage."

Ya ce akwai wani lungu a gindin fukafukan da kyamara ba ta gani sosai sai an karkata ta. Ya karkata. Ya tabbata ya karkata. Amma ƙarshen aiki ne, ya gaji, tsagar da take kashe inji kuma ba ta fi silin gashi ba. Tun ranar yake sake kallon lungun nan a ransa, ko a cikin salla.

Na ce, "Ka gani ka ƙyale?"

"A'a."

"Kana iya kuskure ta?"

"Ina iyawa."

"Wannan ma za ka gaya musu?"

"In sun tambaya. In ba su tambaya ba ma."

"Su kore ka."

"Kamfani zai kore ni ko ta yaya, tunda zan faɗi maganar zafin. Lasisin ne ban sani ba."

Ban taɓa jin yaron da ya fasa tulu ya sa sunan kansa a cikin jerin waɗanda ake zargi ba. Akuya suke sawa, da iska, da ƙanwarsu.

Na ce masa ruwa ya yi yawa a fangalin ƙarshe, ya toshe. Na dawo gida.

Juma'a, 23 ga Mayu, da yamma

Mansura ta kai wa matar Yaya Iliyasu saƙo. Ta dawo tana tauna dabino. Na tambaye ta inda ta samu. Ta ce kwali guda ne a ɗakin Baffa.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Ba na cewa hanyata ba daidai ba ce. Da ita na raini huɗu, ba ɓarawo ba mashayi. Ina dai cewa tulu daban, abin da ke faruwa a cikin ƙarfe a saman gajimare daban.

Na soya masa gyaɗa da dambun nama. Ban ce na tafiya ba ne.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Yana guga. Mansura tana ta kallona.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Yaya Iliyasu ya zo tun ba a gama share tsakar gida ba. Bai saba zuwa rakiya ba. Ya zauna a kujerar marigayi, ya gyara babbar riga.

Yaron ya fito da 'yar ƙaramar jaka, ya gaida Baffansa, sannan ya zo ya durƙusa a gabana ya sunkuyar da kai. Bai roƙa ba. Ya dai tsaya a durƙushe.

Yaya Iliyasu ya ce, "Dakata, Asta. Ke kika ce sai ya ba ki magana ɗaya, kuma gaskiyarki ne. Na yi shawara da manyansa. Ƙanƙara ce, ikon Allah. Ya yi miki alkawari yanzu a gabana cewa ita zai faɗa, ki sa masa albarka, ya koma aikinsa. Gidan nan da ƙannensa suna kallonsa. Kai yaro, ba ka ji ba ne?"

Ya ce, "Na ji, Baffa." Bai ƙara ba.

Na ce, "Yaya, ka ga ƙanƙarar da idonka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Mai baƙar motar ya gan ta?"

"Asta, kina mace za ki koya min..."

Na ce, "Ni dai ɗana bai gan ta ba."

Ɗana na ce, a gaban yayan mijina. Mansura ta saki tsintsiya.

Na ɗora hannuna a kansa. Rabon da in taɓa kan nan tun yana da tukku. Na ce masa abin da ya sani ya faɗa duka, har wanda zai cuce shi. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, ko za su kwana suna tambaya. In ya ƙara ko ya rage don ya tsira da aiki ban yafe ba. Sannan na faɗi abin da uwa take faɗa, na faɗa da ƙarfi yadda za a ji ta katangar Talatu.

Ya ce amin. Yaya Iliyasu ya tashi ya fita ba sallama. Mansura ta raka yayanta bakin titi ya sami motar Kano.

Yanzu gidan shiru. Wataƙila ƙanƙara ce. Wataƙila gajiyar injin ce da aka ƙi saukewa. Wataƙila akwai tsaga a lungun nan, ya duba bai gan ta ba, kuma ita ce ta karkata bakin Hajiya Tambaya. In haka ne zan je Bunkure da ƙafata in gaya mata.

Ban sani ba, shi ma bai sani ba. A haka na sa masa albarka.